Wuta-wutar Wake: Yadda Masu Bincike Ke Haɗa Littattafansu

Manomin da ya saba shuka wake a jigawa ya san wannan baƙin ciki. Shuka ta fito lafiya, an yi noman fari, ganye ya yi kore shar, sai wajen sati biyar ko shida ya ga waken ya tsaya cik, ganye ya soma yin rawaya kamar an hana shi ruwa, alhali kuwa ga laima a ƙasa. In ya duba gindi sai ya tarad da wani ɗan tsiro gajere mai rassa, ganyensa 'yan mitsi-mitsi manne da kara. Wuta-wutar wake ke nan. Kafin ta leƙo waje ta riga ta yi kwanaki tana tsotson saiwa a ƙarƙashin ƙasa.

Ba ita ce ta dawa da gero ba, wadda wasu ke kira ƙuduji, ko da ya ke 'yan'uwa ne. Ta dawa doguwa ce mai manyan furanni, ta wake gajera ce, kuma kowace da abin da ta ke ci. Amma halinsu ɗaya. 'Ya'yanta ƙanana ne kamar ƙura, gindi guda ya kan zubad da dubun dubbai, su kuwa su zauna cikin ƙasa shekara goma ko fiye suna jira. Inda ta yi yawa manomi ya kan tashi ba wake ba harawa.

TASHAR TARAUNI

Mutanen Gyadi-Gyadi da Tarauni da yawa su kan wuce ta hanyar Sabo Bakin Zuwo ba su san cewa nan ne ɗaya daga cikin manyan wuraren gyaran irin wake na duniya ya ke ba. Tashar ta cibiyar nan ce mai binciken aikin gona na ƙasashe masu zafi, wadda a ke kira IITA, da aka kafa a Badun cikin 1967. A 1990 ta buɗe reshe a Kano domin ta kusanci inda a ke noman waken sosai, gama Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Nijar na bi mata. Wanda ya buɗe tashar wani mutumin Indiya ne, Dokta B. B. Singh. Ofis da ɗakunan renon shuka suna nan cikin gari, gonar gwaji kuwa tana Minjibir, kuma da ma'aikatan Samaru ta Zariya a ke aikin.

Tun kafin a buɗe tashar an sami wani waken gargajiya na ƙasar Botswana, can kudancin Afirka, wanda wuta-wuta ba ta iya kama shi. Lambarsa B301. Ƙwayarsa ƙanana ce, ba wanda zai kai shi Dawanau ya sami mai taya shi, amma jininsa a ke bukata. Dokta Singh da Farfesa A. M. Emechebe suka aurad da shi ga waken da ba ya jure wuta-wuta, suka shuka jikoki cikin ƙasar da aka cakuɗa da 'ya'yan wuta-wuta, suka ƙirga. Cikin kowane huɗu, wajen uku suka tsira, ɗaya ya kamu. Mai ilmin gadon tsirrai in ya ga wannan lissafi ya san cewa ƙwayar gado guda ɗaya ce tak ke riƙe da halin. Suka bayyana haka a 1990. A lura, kayan aikinsu ƙasa ce da ido da fensir da littafi.

Daga zuriyar B301 aka yi ta aure ana zaɓe har aka sami wani farin wake mai lamba IT97K-499-35. Harafin K ɗin nan na Kano ne. A 2008 aka ba manoman Nijeriya shi da sunan SAMPEA 10, ya kuwa ceci gonaki da yawa waɗanda masu su suka riga suka fid da rai.

To, amma akwai wani labari da ya hana masu bincike barci. Tun cikin shekarun 1990 aka ga cewa a wani gari mai suna Zakpota, a kudancin Jamhuriyar Benin, wadda a da a ke kira Dahomey, wuta-wutar wurin tana cin B301 kamar kowane wake. A ido ba ta da bambanci da ta Kano. Littafin gona ya iya faɗin cewa a nan ya tsira, a can ya kamu. Dalili kuwa ba ya cikinsa. Muddin kuma ba a san dalili ba, ba wanda zai iya cewa abin da ya faru a Zakpota ba zai faru a Minjibir ba.

LITTAFI ƊAYA BA YA KAMA ƁARAWO

Kowane akawu ya san wannan. In mai kanti yana so ya gane inda dukiyarsa ke zurarewa, ba ya tsayawa kan littafin kaya kaɗai. Littafin kaya ya ce an sauke buhu ɗari. Littafin ciniki ya ce an sayad da sittin. Aka shiga sito aka ƙirga aka sami talatin. Kowanne in an karanta shi shi kaɗai daidai ya ke, ba kure. Sai an jera su gaba ɗaya sa'an nan a ga buhu goma sun yi ƙafa.

Abin da masu binciken halitta su ka koma yi ke nan a wannan zamani, sai dai littattafansu sun fi ƙarfin hannu, sai kwamfuta.

Babba daga cikinsu shi ne littafin gado. Cikin kowace ƙwayar jikin tsiro akwai wani rubutu da Turawa ke kira Di-En-E, da haruffa huɗu kawai a ke yinsa. Shi ne uwa ke miƙa wa 'ya'ya, shi ya sa Kanannado ke haifar Kanannado, Ɗan Ila ke haifar Ɗan Ila. Na wake an rarraba shi kundi 11, haruffansa kuwa wajen miliyan 640. Da za a sa akawu ya riƙa rubuta harafi ɗaya kowace daƙiƙa, dare da rana, ba ci ba barci, sai ya shekara ashirin bai ajiye alƙalami ba. Na'urar da ke karanta shi ma ba ta iya bin kundi daga farko har ƙarshe. Gutsure-gutsure ta ke fitarwa, kamar an yayyaga littafi an zuba cikin kwando, sai kwamfuta ta yi ta gwama baki da baki, ana kuma gwada abin da ta jera da taswirorin da aka zana daga ƙirgen zuriya irin wanda Singh da Emechebe su ka yi.

A 2019 masanan Jami'ar Kalifoniya ta garin Riverside a Amurka, su Stefano Lonardi da Timothy Close da abokan aikinsu, suka fitad da littafin gadon wake, haruffa miliyan 519 a jere, da ƙwayoyin gado 29,773 a cikinsu. Waken da su ka zaɓa su ka karanta kuwa ba wani ba ne, IT97K-499-35 ne, ɗan Kano. Watau duk mai binciken wake, ko a Birazil ya ke ko a Sin, in ya karanta nasa, da wannan zai gwada. Sun kuma ga wani abin mamaki: a kundi na uku akwai wani yanki mai haruffa wajen miliyan huɗu wanda ya ke a juye, kai ƙasa, in an gwada da na wake da yawa, kuma cikin yankin akwai wata ƙwaya da aka san danginta da hulɗa da wuta-wuta a wasu tsirrai. Wannan sawu ne aka gani a bakin ƙofa. Ganin sawu kuwa daban, kama ɓarawo daban.

Gama littafin gado tamkar littafin kaya ne, abin da ke cikin sito ya ke faɗa, ba ya faɗin abin da aka fitar aka yi aiki da shi yau. Rubutun da ke cikin saiwa shi ne cikin ganye, shi ne cikin fure, amma saiwa ba ganye ba ce. Abin da ke faruwa shi ne, duk sa'ad da jikin tsiro ya bukaci wata ƙwayar gado, sai ya kwafi ɗan yankin nan a 'yar takarda ya aika wa ma'aikata, kamar yadda mai gida ke ba yaro takarda ya kai sito. Waɗannan takardun aike su a ke kira Ar-En-E, kuma ana iya tara su a ƙirga. Wanda ya ƙirga su ya san wace ƙwaya ce ke aiki, a wane sashe na tsiro, a wace rana. A 2016 aka yi wa wannan waken na Kano irin wannan ƙirge, a saiwa da kara da ganye da fure da kwanso, da ƙwaya tun tana ɗanya har ta bushe.

YADDA AKA GANE DABARAR TA ZAKPOTA

Farfesa Michael Timko na Jami'ar Bajiniya a Amurka shi da almajiransa su ka fi daɗewa kan wannan shari'a. A 2009 suka gano ita ƙwayar gadon da ke tsare B301 daga wuta-wutar Nijeriya da Nijar. Aikinta na mai gadi ne wanda ya san fuskar ɓarawo. Da wuta-wuta ta kafa baki a saiwa, sai mai gadi ya yi ihu, naman saiwar da ke kewaye da wurin ya yi baƙi ya mutu nan take, kamar yadda a kan ƙone gefen gona da gangan don gobarar daji ta rasa abin ci. Wuta-wutar ba ta kai ga jijiyar ruwa ba, sai ta bushe. Don su tabbata, suka toshe bakin wannan ƙwaya a cikin saiwar B301. Nan da nan wuta-wutar Nijeriya ta kama shi. Amma ta ƙasar Mali ba ta iya ba. Ashe kowane ɓarawo da nasa mai gadin.

A 2012 suka koma ga takardun aike. Suka sa wa wasu saiwoyin B301 wuta-wutar Nijeriya, wasu ta Zakpota, suka ƙirga takardun bayan kwana 6 da bayan kwana 13. Inda ta Nijeriya ta kama, takardun kiran yaƙi sun yi yawa. Inda ta Zakpota ta kama, da yawa daga cikinsu sun ragu, gida ya yi tsit. Watau ba ƙarfi ta fi B301 ba, hana shi farkawa ta ke yi.

Da me? Nan littattafan wake su ka ƙare, sai aka buɗe na ɓarawon. Aka ƙirga takardun aike na bakin wuta-wutar kanta, ta Zakpota da ta Nijeriya, aka gwada. A 2020 suka bayyana cewa ta Zakpota tana yin wani furotin da yawa, tana tura shi cikin saiwar wake, shi kuwa ya je ya riƙe wani furotin na waken wanda sai da shi ihun mai gadi ke isa. Da suka sa saiwar B301 ta riƙa yin wannan furotin da kanta, sai ga wuta-wutar Nijeriya ma ta sami shiga. A ƙirga littattafan da aka jera kafin a kai nan: na gona, na gadon wake, na aiken wake, na aiken wuta-wuta, da gwajin furotin. A cire ɗaya, lissafi ba ya fita.

Cikin shekarar nan ta 2020 kuma Timko da Erik Ohlson suka fitad da wani bincike da ya kamata kowane malamin gona ya sani. Sun tara wuta-wutar wake daga wuri 58 cikin ƙasashe tara na Afirka ta Yamma, suka gwada ta a kan wake iri bakwai. Ba wake ko ɗaya da ya tsira daga dukansu. Wadda ta fi kowace karya tsaro kuwa, a cikin Nijeriyar nan aka samo ta. Sa'an nan da suka duba alamomin gadon wasu daga ciki, sai suka ga alamomin sun fi bin ƙasar da aka samo kowace, ba su bi irin waken da ta ke iya ci ba. Da alamomin kaɗai aka dogara, da an haɗa maƙwabta biyu an ce halinsu ɗaya, alhali ɗaya na cin wake, ɗaya ba ta iyawa. Tukunya da ƙasa su ka raba gardama.

KIRAN DA SAIWA KE YI

Akwai wata tambaya wadda tsofaffin manoma su ka riga masana amsa rabinta. Sun daɗe suna cewa wuta-wuta cutar gajiyayyar ƙasa ce, gonar da ke shan taki ba ta cika damuwa da ita ba. Gaskiya ne, amma don me?

Ɗan wuta-wuta ba ya tsira don ruwan sama kaɗai. Guzurinsa kaɗan ne, in ya tsira bai sami saiwa kusa ba, cikin 'yan kwanaki zai mutu. Saboda haka sai ya jira ya ji ƙanshin wani sinadari da saiwa ke zubarwa cikin ƙasa. A Amurka aka fara ware wannan sinadari cikin 1966, daga saiwar auduga. Aka daɗe ana mamakin abin da zai sa tsiro ya riƙa kiran mai kashe shi. Sai a 2005 masanan Japan suka gano cewa ba wuta-wuta ya ke kira ba. Akwai wata funfuna mai zare-zare cikin ƙasa wadda ke ƙawance da saiwa, tana jawo mata fosfaras, watau abincin nan da ke cikin takin sufa, ita kuwa saiwa tana ba ta zaƙi. Ita a ke kira, wuta-wuta laɓe kawai ta ke yi. Ƙasar da ta rasa fosfaras kuwa, tsiron da ke cikinta ya kan ƙara ɗaga murya.

Ga yadda aka gano inda wake ke ƙera wannan sinadari. Masanan Jami'ar Kobe ta Japan suka reni wake ta hanyoyi dabam-dabam, wani yana zubad da sinadarin da yawa, wani kaɗan. Suka auna sinadarin, littafi ɗaya ke nan. Suka ƙirga takardun aike na saiwoyin, littafi na biyu. Sa'an nan suka nemi ƙwayar gadon da takardunta ke hawa su sauka tare da na sauran ƙwayoyin da aka riga aka san suna cikin aikin, kamar yadda a kan gane yaran kanti ɗaya ta lokacin fitarsu da komowarsu. Suka sami guda, suka bayyana ta a 2019. Da suka kashe takwararta a jikin tumatir, sinadarin ya ɓace daga ruwan saiwarsa, 'ya'yan wuta-wutar da ke amsa kiransa suka ragu ƙwarai, tumatirin kuwa ya girma yadda ya saba. Wannan wata ƙofa ce daban da ta B301. Can mai gadi aka sa, nan kuwa ana neman a rage ƙanshin da ke jawo ɓarawo.

INDA A KAN YI TUNTUƁE

Kada mai karatu ya ɗauka da an zuba littattafai cikin kwamfuta sai gaskiya ta faɗo. Yawan lissafi na da nasa haɗarin.

A 2017 masanan Riverside tare da masu gyaran irin wake na Nijeriya da Gana da Burkina Faso da Senegal, cikinsu har da Dokta Ousmane Boukar na tashar Kano, suka fitad da wani ma'auni mai duba wuri 51,128 cikin littafin gadon wake a tashi ɗaya. Bayan shekara guda aka bayyana wata zuriya ta gwaji, wake iri 305 waɗanda aka samu daga cakuɗa iyaye takwas, shida daga cikinsu masu lambar IITA. To, a dubi wannan: tambaya dubu hamsin, masu amsawa ɗari uku. In mutum ya tsaya a kasuwar Tarauni ya tare mutum ɗari uku, ya yi wa kowannensu tambaya dubu hamsin, lalle zai sami wata tambaya da amsarta ta yi daidai da masu tari, ya ce ai yawancin masu tari suna da kawu mai suna Musa. Dace ne kawai. Haka alamar gado kan dace da yawan kwanso ba gaira ba dalili. Maganin abin shi ne a nemi shaida daga wani littafi: shin akwai ƙwayar gado a wurin wadda takardunta ke fita a fure ko kwanso? Kuma in an sake shukawa baɗi, a wani gari, alamar za ta sake dacewa?

Sake gari ba ƙaramin abu ba ne ga wake. Kanannado ba ya fure sai rana ta soma gajarta, wajen ƙarshen damina, kome wurin da aka shuka shi. Irin da ya yi fice a Badun ya kan zo Minjibir ya ba da kunya, wanda kuma ya yi kyau a shekarar da ruwa ya kai Oktoba ya kan faɗi a shekarar da ya ɗauke da wuri. Saboda haka littafin ruwan sama da na ƙasa su ma sai an jera su. Takardun aike kuwa sun fi kome saurin sakewa, na safe daban, na azahar daban. In an tsinki ganyen wani iri da hantsi, na wani da la'asar, bambancin da za a gani na rana ne, ba na iri ba. Daidai ya ke da a auna wa mutum ɗaya da mudun Dawanau, wani da mudun ƙauye, a ce wai an gwada gonakinsu.

Abin da ke ɗaure dukan littattafan nan wuri ɗaya kuwa ɗan ƙaramin abu ne, watau lambar da ke jikin ambulan ɗin iri, da jikin turken da aka kafa a kan kunya, da jikin kwalbar da aka sa ganye. In lamba ɗaya ta sauya, an ɗora halin wani wake a kan gadon wani, kwamfuta kuwa ba za ta yi gardama ba, za ta lissafa ƙaryar da kyau. Wake ɗaya ke ɓata gari. Har wajen aure ma a kan yi kure, domin furen wake shi ke barbarar kansa tun bai buɗe ba, sai mai gyaran iri ya riga shi, ya cire masa maza da ɗan hantsaki, ya shafa masa garin wani furen. In ya makara kaɗan, abin da zai girba ɗan uwa ne zalla, ba uba. A da sai an shuka an jira kafin a gane, wani lokaci ma ba a ganewa. A 2021 Dokta Patrick Ongom da abokan aikinsa na IITA suka nuna cewa da alamomin gado 'yan kaɗan, daga ɗan yankin ganye, ana iya rarrabe ɗan aure na gaskiya tun yana ƙarami.

Karatun littafin gado ya yi araha ƙwarai bisa ga da. Ƙirgen gona bai yi ba. Har yanzu sai mutum ya shiga kunya cikin ranar Satumba ya sunkuya ya ƙirga gindin wuta-wuta ɗaya ɗaya, ya rubuta ranar da rabin shuka ta yi fure, ya auna nauyin ƙwaya ɗari, ya ɗaure harawa ya ɗora a sikeli. Yanzu a waya a ke rubutawa maimakon takarda, amma idon na mutum ne. Ba a cika jin sunan masu wannan aiki ba, ga shi kuwa duk ginin a kansu ya ke.

Akwai kuma wani littafi da ba a ɗakin gwaji ya ke ba, shi ne na ɗan kasuwa. Binciken da aka yi a kasuwannin Afirka ta Yamma ya nuna abin da kowane dillali ya sani: mai saye na ƙara kuɗi a kan babbar ƙwaya, yana rage wa mai huji, launi kuwa kowace ƙasa da nata. SAMPEA 10 fari ne, mutanen Barno kuwa jan wakensu mai manyan ƙwaya su ke so, shi kuma wuta-wuta na cinsa. Sai Dokta Lucky Omoigui na Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi, tare da ma'aikatan tashar Kano, suka aurad da jan Barno ga mai jure wuta-wuta, suna bin alamar gado don su san wane ɗa ne ya gaji mai gadi. Daga irin wannan aiki aka fitad da FUAMPEA 1 da FUAMPEA 2 a 2016.

Kada a gama wannan da SAMPEA 20-T, wanda Samaru ta fitar a 2019 don tsutsar da ke huda kwanso. Shi wancan ƙara masa aka yi wata ƙwayar gado daga waje. Karanta littafin gado da bin alama kuwa ba su ƙara wa wake kome, zaɓe ne kawai a ke yi da ido biyu.

ABIN DA YA RAGE GA MANOMI DA ƊAN KASUWA

Tun a 1994 ma'aikatan IITA suka gwada hanyoyin da wuta-wuta ke bi ta yi tafiya, ko iska, ko shanu, ko iri. Suka ga iska da shanu ba su kai ta nesa ba, irin shuka da a ke saye a kasuwa shi ya fi ɗaukarta, domin a ƙasa a ke sussuka, ƙurar 'ya'yanta ta bi hatsi cikin buhu. Buhun wake kuwa ba ya tsayawa a kan iyaka. Wanda zai sayad da wake don shuka, ya san gonar da ya fito. Wanda zai saya, ya nemi tataccen iri mai suna da takarda, ya kuma adana takardar.

Wanda ya ga wuta-wuta a gonarsa ya tuge ta tun ba ta yi 'ya'ya ba, ya tara ya ƙone, kada ya yar a kan kunya. A yi sussuka a kan tabarma ko leda. A ba gona takin gida, a sa wa wake sufa wajen shuka.

In kuwa mutum ya shuka SAMPEA 10 ko wani iri da aka ce yana jurewa, sa'an nan ya ga wuta-wuta ta fito a gindinsa, kada ya yi shiru ya ce an cuce shi kawai. Ko dai irin ya gauraya da wani, ko kuwa wata sabuwar wuta-wuta ce ta shigo, kuma masu bincike na iya rarrabewa in an kai musu abin da su ke bukata. Ya tona gindin waken tare da wuta-wutar manne a saiwa, ya sa cikin takarda, ya haɗa da ɗan ragowar irin da ya shuka. Ya gaya wa malamin gona na yankinsa sunan irin, da inda ya saye shi, da ranar shuka, da sunan ƙauyen, da abin da aka noma a gonar bara.